Na Janye Dawakaina Na Bar Yayana a Bakin Gada

Edita, ina gaishe ku, ku da masu karatu. Lokacin da wannan abu ya faru ina saurayi ɗan shekara ashirin da uku, haifaffen Zongo a Lome. Na gama makarantar Faransanci ina taya mahaifinmu zaman shagon atamfa. Ban yi fice a boko ba, ciniki ma sai a hankali. Abu ɗaya aka san ni da shi, wasan yaƙi na kwamfuta, irin wanda mutum zai gina gari, ya tara runduna, ya jera ta a fagen fama ya kara da wasu. Muna yinsa a wani siber, wato shagon da ake hayar kwamfuta, a unguwar Hanoukopé, kuma ni ne shugaban ƙungiyarmu ta mutum huɗu. Ni ke faɗin inda masu mashi za su tsaya, inda maharba za su fake a bayansu, da gefen da mahaya dawakai za su ɓullo. Samari suna ce mini Janar, ni kuma kaina ya kumbura.

Yayana wanda nake bi ɗan zemijan ne, yana haya da babur. Wata rana mota ta buge shi a hanyar Adidogomé, hannunsa na hagu ya shanye, yatsu biyu kaɗai suka rage masu motsi. Da aka sallame shi daga asibiti sai ya shige ɗaki. Ya daina zuwa majalisa, masallaci ma sai ya bari an tada salla ya shiga, ana sallamewa ya fice, don kada a tare shi da jaje. Mahaifiyarmu ce ta roƙe ni in riƙa jansa duk inda zan je, ko da wurin wasan nan ne da take yi mini faɗa a kansa. Da ƙyar ya bi ni. Sati biyu yana zaune a bayana yana kallon wasan. Ran nan sai ya tambaye ni me ya sa na ajiye maharbana a kwari alhali ga tudu a kusa. Na mayar da su kan tudun, na ci wasan. Da ɗaya daga cikinmu ya tafi karatu, Yaya ya hau kujerarsa.

Hannunsa ba ya sauri a kan madannai, saboda haka ya koyi gama shirinsa tun kafin abokan gaba su iso. Yakan sa masu mashi sahu biyu a bakin gada, maharba a kan tudu bayansu, injinan jefa duwatsu a ɓoye bayan itatuwa, sannan ya zauna ya jira. Duk wanda ya afka masa ta gaba sai ya narke. Rauninsa ɗaya ne, in aka zagayo masa ta gefe ba ya iya juya runduna da sauri. Tsaron gefen nan aikina ne, ni da dawakaina. Da wannan tsari muka yi ta cin unguwanni. Yaya ya dawo yana dariya, yana zuwa aski, yana zama cin abinci da mu a tsakar gida. Mahaifiyarmu kullum sai ta sa mini albarka. Amma a siber 'yan kallo sun bar bayan kujerata sun koma bayan tasa, kuma wannan ya riƙa ci mini rai, ko da yake ban taɓa gaya wa kowa ba.

Aka shirya gasa tsakanin unguwanni, muka kai wasan ƙarshe da wata ƙungiya daga Cacavéli. Ranar Lahadi ce bayan azahar, shagon ya cika har waje, an kafa babban allo don 'yan kallo. Fagen da aka ba mu kogi ne ya raba shi biyu, gada ɗaya, sai wani wuri mara zurfi can ƙasa da doki zai iya ƙetarewa. Ni na tsara komai: Yaya ya riƙe gada, ni in tsare mashigin nan da dawakai, sauran biyun su tara babbar runduna a baya har ta isa mu ƙetare tare. Sau biyu mutanen Cacavéli suka kawo hari gada, sau biyu Yaya ya mayar da su, shagon ya kaure da kiran sunansa. A daidai nan na hango garinsu kamar ba kowa, manoma suna aiki babu mai tsaro. Zuciyata ta ce in na ƙone garin nan ni kaɗai, yau sunana za a kira. Na kwashe dawakaina duka na ƙetare, ban gaya wa kowa ba.

Ashe tarko ne. Masu mashi suna ɓoye cikin kurmi, suka rufe ni, ko doki ɗaya bai dawo ba. Mahayansu kuwa suka bi ta mashigin da na bari a buɗe suka ɓullo bayan maharban Yaya. Sau biyu ya tambaye ni, a hankali, ina dawakai, ni kuma na ce suna tafe. Ina kallonsa ta gefen ido yana fama da yatsun nan biyu, yana ƙoƙarin juya masu mashinsa su fuskanci baya. Sahu ya karye, gada ta faɗi, kafin mu farga an shiga garinmu.

A waje abokan wasanmu biyu suka tsare ni da tambaya, ga mutane sun kewaye mu. Kowa allonsa yake kallo lokacin wasan, babban allon kuma gada yake nunawa, don haka abin da jama'a suka gani shi ne rundunar Yaya tana watsewa. Sai na ce ai tun da wuri na gaya masa zan matsa, shi ne ya makara wajen juyawa. Da na tsaya nan ma da sauƙi. Amma na ƙara da cewa, “Ni dama na san hannun nan zai kayar da mu wata rana.” Yana tsaye a gefena. Ya dube ni, ya kama hanyar gida a ƙasa. Washegari da safe na riga kowa zuwa siber na goge hoton wasan da kwamfuta ke ajiyewa, don kada wani ya sake kallo. Abokanmu suka ce in lallashe shi ya bar wa wani kujerar. Ban ma sha wannan wahala ba, don bai sake zuwa ba.

Ya koma ɗaki kamar da. Mahaifiyarmu ta tambaye ni abin da ya faru, na ce wasan ne ya gundure shi. Muka yi kusan shekara biyu a gida ɗaya, daga gaisuwa sai gaisuwa. Daga baya kawunmu ya tafi da shi Kumasi ya riƙe masa rumbun hatsi, can ya yi aure. Ƙungiyarmu ta watse, siber ɗin ma aka rufe shi da wayoyi suka yawaita.

Sai da aka yi shekara bakwai na iya buɗe baki. Yaya ya zo sunan ɗana na fari, bayan la'asar baƙi sun ragu muna zaune mu biyu ƙarƙashin rumfa, na faɗa masa komai, har da gogewar da na yi. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ai ya sani tun ranar, domin a ƙaramar taswirar da ke kusurwar allonsa ya ga dawakaina suna ƙetare kogi. Ya ce faɗuwar ba ta dame shi ba, wasa ne, amma shagon nan ne kaɗai wurin da yake mantawa da hannunsa, kuma ni na tuna masa a gaban jama'a. Na tambaye shi me ya hana shi tona ni. Ya ce, “Kai ƙanena ne. In na kunyata ka a gaban sa'o'inka, wa na kunyata?” Ya ce ya yafe mini duniya da lahira. Daga baya na nemi abokan nan biyu na gaya musu gaskiya. Ɗaya ya yi dariya ya ce shi ko ƙungiyar da ta ci mu ya manta.

Ba wasan nake zargi ba, domin shi ne ya fito da yayana daga ɗaki. Son a yabe ni ya sa na bar wurin da aka amince mini, tsoron kunyar yini ɗaya kuma ya sa na fake da larurar ɗan'uwana. Sunan da na kare babu mai tuna shi yau. Matasa 'yan'uwana, ko a wasa ko a kasuwa, in kuskure naka ne ka ce naka ne tun a wurin, kuma duk zafin da kake ji kada ka taɓa mutum a inda Allah Ya jarrabe shi. Yafiya tana sauke zunubi, amma ba kullum take mayar da abin da aka ɓata ba. Yaya yana zuwa Lome duk babbar salla, yana wasa da 'ya'yana, muna hira lafiya. Sai dai in muka zauna mu biyu, hannun nan na hagu yana cikin aljihu har mu tashi.