"Da Sauƙi" Irin Ta Babana

Shekarun baya can, ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai, mahaifina ya yi ritaya daga aikin koyarwa a Sakkwato. Gidan da muka tashi a ciki na ma'aikata ne, dole mu kwashe kayanmu mu ba wani wuri. Fanshonsa ba zai riƙe mu a birni ba, kowa a gidan ya san haka ko da ba a furta ba. Ga kuma ƙirjinsa, da ya shaƙi iska mai danshi sai numfashinsa ya kama fito kamar sarewa. Tambaya ɗaya ce ta tsaya mana a gaba: ina bawan Allah nan zai zauna ya huta?

Wuri uku ne a bakin mutane. Talata Mafara, inda ƙanwar mahaifiyata take aure. Bakura, inda wani tsohon ɗalibinsa ya yi masa tayin fili. Sai Maradun, ƙasar da aka haife shi. Ban ce garinsu ba, domin ƙauyensu yana ƙarƙashin ruwa. Yana saurayi aka datse kogi a Bakolori, aka tashe su, ruwa ya rufe gidaje da gonaki har da makabarta. Bai cika yin zancen ba, mu ma ba ma tambaya.

Ni ce 'yar bokon gida, mai rubuta waƙoƙi a bayan littafin darasi, don haka na ɗauki aikin a kaina. Na sayi sabon littafi, na ja layuka, na rubuta zafi, sauro, tsadar abinci, nisan asibiti. Na ce za mu zagaya mu tambayi mutanen kowane gari da bakinsu. Baba ya dubi littafin, ya dube ni, ya ce, "To uwata, mu tai." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ranar kasuwa muka sauka Mafara. Na durƙusa gaban wata tsohuwa mai daddawa, muka gaisa har gwiwata ta fara tsami, sannan na ce, "Inna, ya zafin garin nan?"

Gumi na sauka mata har haɓa ta ce, "Da sauƙi, ɗiyata."

"Tsadar kaya fa?"

"Da sauƙi."

Na rubuta. A Bakura muka iske wani manomi a bakin hanyar ruwan da ke shayar da gonakin shinkafa. Na tambaye shi sauro. Ya kai wa wuyansa mari, ya duba tafin hannunsa, ya ce, "Wallahi da sauƙi." Wannan ma na rubuta, Allah ya yafe mini. Kafin la'asar littafina ya cika daga sama har ƙasa da kalma biyu, kamar allon ɗan koyon rubutu. Baba na gefe yana ta gyara hula don kada in ga dariyarsa.

Da na ga tambaya ba ta fisshe ni ba, sai na dogara da idona. Bakura akwai araha, tumatir da albasa kamar a ce ka ɗiba, amma ƙasar jiƙe take, ƙirjinsa ba zai ɗauka ba. Mafara haya da tsada, rana kuma ba ta wasa, amma iskarta busasshiya ce, ga asibiti kusa. Maradun kuwa ko zuwa ban bari mun yi ba. Na ce wurin da tafki ya kwanta a gefensa, me za mu je dubawa?

"Baba, ya ka ga Mafara?"

Ya ce, "Da sauƙi."

Na ɗauka ya amince. Ƙanwar mahaifiyata ta samo mana gida mai ɗaki biyu da zaure, muka tare.

Wata biyu muka yi. Bai yi tari ko sau ɗaya ba, ni kuwa ina ta jin kaina likita. Sai dai kullum yana zaune a zaure da rediyo a kashe, kwanonsa na dawowa da rabin tuwo, rigunansa suka fara yi masa yawa. In na ce, "Baba, ya gidan?" ya ce da sauƙi. Ya maƙwabta? Da sauƙi.

Wata safiya mahaifiyata na tsintar shinkafa a faifai, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ke da karatunki, wa ke cewa da sauƙi?"

Na ce, "Kowa ma, Inna."

"Marar lahiya, in an zo dubiya. Ko ciwo na yankan shi haka zai ce. Shekara talatin ina tare da mutumin ga, tuwon da ya yi mishi daɗi shi yake ce ma gishiri ya yi yawa, sannan ya suɗe kwano. Tun da munka zo garin ga, kin ji ya kushe wani abu?"

Na tsaya ina lalube a raina. Ko ƙuda bai kushe ba. Zaman baƙo yake yi a gidan da na zaɓa masa, yana lallaɓa ni kada in ji kunya.

A makon nan na ce ya raka ni Maradun, wai ina son in cike shafin da na bari. Bazara ce, ruwan tafki ya ja baya. Daga tasha muka hau babura muka nufi bakin ruwa. Ba mu yi nisa ba na jiyo muryarsa daga gaba, irin wadda na daɗe ban ji ba.

"Kai, dubi hanyar ga! Har yau ba mai gyara ta? Yaro, ramin ga kake nema ka jefa ni?"

A bakin tafkin wani tsoho na ɗinkin komar kamun kifi a inuwa. Ya ƙura wa Baba ido, ya saki zaren. Ashe abokin wasansa ne tun suna kiwon awaki.

"La ilaha! Ɗan boko, birni ya tauna ka ya tofar?"

"Kai kuma har yau warin kifi kake, ko mutuwa ƙyamarka take."

Suka riƙe hannun juna suna zagi suna dariya, ba wanda ya saki. Baba ya kushe kifin, ya ce a da irin wannan kyanwa ake jefa wa. Ya kushe furar da aka dama masa, ya shanye ta tas. Can ya kama hannuna ya nuna mini wani ɗan dutse da ruwa ya janye ya bari, baƙi, tsuntsaye farare na tsaye a kai.

"Kin ga wancan? A kai nai mai sunanki ke shanyar kuɓewa. Ƙofar gidanmu na nan hannun dama."

Na duba hannun dama. Ruwa ne kawai yana kai da komo da hasken rana a bayansa.

Na ce, "Baba, ƙirjinka fa? Danshin nan?"

"Ƙirjin ga nawa na, uwata. Ni na san abin da ya fi yi mishi nauyi."

Mun gina masa ɗaki biyu na ƙasa a kan tudu, nesa da ruwan yadda danshi ba zai kwanta masa ba, kusa yadda zai hango shi daga ƙofa. Gero da kifi suka yi masa araha. Ba zan ɓoye ba, damina ta sha wahalar da shi, sau da yawa sai mun kai shi asibiti Mafara, yana hanya yana mita. Shekara tara ya yi a wurin, kuma ban san ranar da bai yi ƙorafi ba. Sauro, hanya, liman mai jan karatu, abokinsa mai satar dara. Ya yi ƙiba har mahaifiyata ta buɗe masa riguna.

Abin da na koya, ku da kuke karanta ni, ƙarami ne. Na iya auna zafi da araha, ban iya sauraron mutum ba. Mutanenmu ba sa kai kuka wurin da suke baƙi. In tsohonku ya daina mita, ku ajiye abin da kuke yi ku zauna kusa da shi.

Zuwana na ƙarshe, da hantsi na kai masa kunu, da gangan na rage sukari don in ji faɗa. Ya kurɓa, bai kushe ba. Na ce, "Baba, ya jiki?"

Ya dubi wajen tafkin, ya dube ni, ya yi murmushi.

"Da sauƙi, uwata."

Wannan karon na gane. Na kwance jakata, ban koma aiki ba sai bayan sadakar bakwai.