Ranar da Kawu ya zo karɓar wayata

Innata kurma ce tun haihuwa. Da hannu muke hira ni da ita, kuma kar ka ga ba ta magana ka ɗauka ba ta da surutu. In ta fara ba ni labarin matan gidan hayarmu na Agege, sai tuwo ya huce a kwano. Da na samu jami'a na koma ɗakin kwanan ɗalibai, yayanta, Kawu, mai fataucin shanu a mayanka, ya saya mana waya ɗai-ɗai. Inna ba ta iya karatu ba, kiran murya kuma ba shi da amfani a wurinta, don haka bidiyo muke yi. Da la'asar in jingina wayar da kofin shayi, ina karatu tana tsince shinkafa, in na ɗago ta ɗago. Wani lokaci har magariba ba mu ce wa juna komai ba.

A shekarata ta biyu aka raba mana takardar tambayoyi a aji, wai ana tantance ɗaliban da intanet ya fara yi wa illa. Kina daɗewa a kai fiye da yadda kika yi niyya? Kullum. Hankalinki yana tashi in babu sabis? Ƙwarai kuwa, har kuka na taɓa yi. Kina barin ƙawaye ki koma kan waya? Eh. Babu inda aka tambaye ni da wa nake magana, ni kuma ban ga dalilin yin ƙarya ba. Na cike gaskiyata na miƙa.

Makina ya yi sama, aka kira ni ofishin ba da shawara. Matar wurin tana da kirki. Ta saurare ni, ta ce takardar ba hukunci ba ce, shi ya sa ake kiran mutum a ji ta bakinsa, ta sallame ni. Sai dai 'yar maƙwabtanmu da muke aji ɗaya ta ga shigata ofishin, kuma zance a Agege ya fi babur ɗin okada iya kurɗawa. Kafin Juma'a maganar ta koma wai likitocin makaranta sun gwada ni sun ce waya ta taɓa min ƙwaƙwalwa.

Ranar Asabar, na zo gida hutun tsakiyar zango, Kawu ya yi sallama. Ya tuɓe takalmi a ƙofa amma ya ƙi zama.

"Oya, ba ni wayar nan."

"Kawu, lafiya?"

"Lafiyar ke nan! A masallaci nake ji wai an auna ki. Karatu na kai ki ko danne-dannen waya?"

Na durƙusa na yi masa bayani, cewa yawancin lokacin da Inna nake. Ya yi tsaki.

"Gidan nan cike yake da mata. Uwarki ba ta rasa 'yan hira ba."

Nan raina ya ɓaci, ɓaci na gaske. Matan gidan ba su da mugunta, amma hirarsu da Inna ba ta wuce su ɗaga mata hannu su yi mata ihu a fuska ba. In ya tafi da wayar, sai hutu ne kaɗai za ta samu wanda za ta faɗa wa kanta yana ciwo ya gane.

Inna na zaune a tabarma tana kallon bakinmu, tana jan zanena, tana tambayata me ya faru. Na ajiye wayar a gabanta.

"Ga ta nan, Kawu, kai ka saya. Amma wallahi ba zan fassara ba. Ka faɗa wa Inna da kanka cewa daga yau ba za ta ƙara ganina ba sai hutu."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ban kuma sunkuyar da kai ba.

Ya juya wurinta. Ya nuna wayar, ya nuna ni, ya girgiza hannu. Inna ta ƙura masa ido, sannan ta shiga tambayarsa da sauri, hannayenta ba sa tsayawa: me na yi, wani abu ya same ni a makaranta ne, ko ba ni da lafiya ake ɓoye mata? Ta kama gefen rigarsa ta sake maimaitawa a hankali, yadda ake yi wa ƙaramin yaro.

"Me take cewa?" ya tambaye ni.

Na kau da kai. Ciki ɗaya suka fito, ɗaki ɗaya suka tashi, amma bayan alamar zo da tafi da ci abinci bai san komai a maganar hannunta ba.

"Ke, me take cewa?" Wannan karon muryarsa ta yi ƙasa.

"Ƙanwarka ce, Kawu. Tambaye ta."

Ya daɗe a tsaye, hannayensa a sake, Inna na riƙe da rigarsa tana jiran amsa. Da ta gaji ta sake shi, ya sa takalmansa ya fita. Bai taɓa wayar ba.