Baban Teloli da Keken da Aka Tsamo daga Kogi

Kullum da sassafe, kafin maƙwabta su ɗage ƙofofin shagunansu, Baban Teloli ya riga ya share gaban nasa, ya shimfiɗa tsohon buhu a kan tebur, ya jera sukudireba da ɗan burushi da gwangwanin kananzir. Shagon ɗan tsukut ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. A kan katakan bango kuwa kawunan tsofaffin kekunan ɗinki ne jere, baƙaƙe wuluk, wasu sun girmi kakanninmu. A idona da naka duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Shi kuwa ko fenti ya goge, suna ya ɓace, tsatsa ta cinye lamba, in ka ajiye masa keke sai ya kifa shi, ya leƙa ciki, ya murza wili yana saurare. Daga nan zai gaya maka samfurinsa da irin allurar da yake ci. Yakan duba inda aka dasa abin matse zare, a goshi ne ko a gefe. Yakan duba ƙoshiya, wato gidan zaren ƙasa, doguwa ce kamar kwalekwale ko kuwa zagayayya. Teloli sukan tsokane shi wai ya fi sanin dangin keke a kan dangin matarsa, shi kuma ya ce ai keke ba ya zuwa biki ya ƙi tafiya.

Yanzu hannunsa ya fara rawa, ƙananan kusoshi suna kuɓuce masa, ya ce ƙarshen watan nan zai rufe shago. Shi ya sa na ga ya dace a faɗi abin da ya yi a wata damina, wanda duk layin teloli shaida ne.

Yana da 'ya mace, autarsa, wadda ta auri wani tela mai yawo, irin masu saɓa keken hannu a kafaɗa suna bin kasuwannin ƙauye suna kaɗa almakashi. Baban Teloli ne da kansa ya gyara wani tsohon keke ya ba surukin nasa bayan aure. A daminar nan an kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, sai ranar wata kasuwa da safe labari ya iso cewa gada ta karye da babbar motar 'yan kasuwa, kogi ya tafi da ita. Surukin ya fita da kekensa tun da asuba. An kira wayarsa har an gaji, ba ta shiga. A tasha wani ya ce ya gan shi ya hau, wani ya ce bai gan shi ba.

Washegari da hantsi shugaban teloli ya turo baro har ƙofar shagon, an lulluɓe abin da ke ciki da buhu. Masu ceto ba su samu mutane duka ba, amma sun tsamo kaya, cikinsu har da kan keken hannu, ya sha laka har ba a ganin baƙinsa. Bayan baron kuwa ga Auta nan tana haki, takalmi ƙafa ɗaya, mayafi yana jan ƙasa. Mutanen layi suka taru.

Baban Teloli ya gaya mini cewa da ya ɗaga buhun nan sai ya ga kamar ya san keken. Girman keken da lanƙwasar wuyansa da marfin wilinsa duk irin na surukinsa ne. A ransa ya so ya ce idonsa ba ya gani sosai, a kai wa wani. Amma wa za a kai wa? Babu wanda zai iya in ba shi ba, kuma Auta ta kafe shi da ido.

"Baba, nasa ne?"

"Ban sani ba tukuna. Zauna."

Ba ta zauna ba. Ya sa aka ɗora keken a tebur, ya shiga kankare laka da tsinke, yana zuba kananzir kaɗan kaɗan. Wilin ya ƙi motsi. Marfin da ke rufe ƙoshiya ya cije, kuma amsar tana ƙarƙashinsa, domin kamfanin da ya ƙera irin wannan keke ya yi shi samfuri biyu masu kama ɗaya ta waje. Na farko doguwar ƙoshiya gare shi, na baya kuwa zagayayya, kuma na surukin zagayayya ce. Shugaban teloli ya matso ya raɗa masa cewa ko ma mene ne ya gani, ya ce mata ba nasa ba ne, a lallaɓa ta zuwa gida tukuna. Baban Teloli ya girgiza kai, ya ce in ya yi mata ƙarya yau, gobe ko gaskiya ya faɗa ba za ta yarda ba.

Ya daɗe yana ƙwanƙwasa marfin a hankali, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Da marfin ya zame, sai ya runtse ido, ya zura yatsa maimakon ya duba. Yatsan ya taɓa ƙarfe dogo mai tsini.

"Ba nasa ba ne," in ji shi. "Wannan ya girmi nasa."

Auta ta sulale ƙasa tana kuka tana dariya, mata suka riƙe ta. Mutane suka fara hamdala. Shi kaɗai ne bai ɗago kai ba, domin garin share laka ya ga wata 'yar kusa ta tagulla a gefen abin naɗe zare. Ba kamfani ne ya sa ta ba. Shi ya goga ta da hannunsa shekaru masu yawa da suka wuce, lokacin da ta asali ta ɓace. Keken Dogo ne, wani dattijon tela mai yawo, wanda shi ya fara kawo masa aiki ranar da ya buɗe shago. Babu wanda ya san Dogo ya shiga motar nan. Iyalinsa suna zaton yana can ƙauyen ƙanwarsa, inda ya ce zai kwana biyu.

Bai faɗi sunan a gaban taro ba, don kada labari ya riga shi isa gidan a bakin 'yan gulma. Ya ja Auta gefe ya gaya mata abin da ba ta so ji ba, cewa rashin ganin keken mijinta ba ya nufin an ga mijinta, ta koma gida ta ci gaba da addu'a. Sannan ya wanke hannu, ya naɗe keken a tsumma mai tsabta, ya rungume shi, ya nufi gidan Dogo a ƙafa. Ya ce a hanyar nan ya tsaya ya fi a ƙirga, kowace kwana ya sha sai ya ji kamar ya juya. Tsoro biyu ne ke cinsa, na abin da zai faɗa a gidan nan, da na kada gobe wani ya rungumo wani keken ya nufo nasa gidan.

Matar Dogo tana shanya a tsakar gida. Da ta ga abin da ke hannunsa sai ta saki zanen da take riƙe da shi.

"Ka tabbata, ɗan'uwa?"

"Yaya, da ban tabbata ba da ban tako ba. Kekensa ne. Shi kuwa ban san inda yake ba, amma a fara nema ta kogi."

Saboda wannan magana 'ya'yan Dogo suka bi gaɓar ruwa tun ranar, maimakon su zauna jiran dawowarsa. Sun same shi a wani gari can ƙasa, ana shirin binne shi cikin waɗanda ba a san danginsu ba. Suka kawo shi gida, matarsa ta yi masa kallon ƙarshe.

Surukin kuwa sai da aka ƙara kwanaki cikin zullumi kafin a ji ɗuriyarsa, Baban Teloli ba ya iya cin abinci, ko baro ya ji a layi sai ya leƙa waje. Ashe kafin gada wata mata ta tsayar da surukin don ɗinkin kayan 'ya'yanta, ya sauka daga motar, ruwa ya datse hanya, wayarsa kuma ta jiƙe. Ranar da aka ji ƙarar almakashinsa a bakin layi, Baban Teloli ya san surukinsa ya dawo, ya yi hamdala daga kan kujerarsa.

Baba, kai ne wanda tsoro ya kama, amma ba ka ajiye sukudireba ba. Kai ne ka ƙi sayen kwanciyar hankalin 'yarka da ƙarya, ka kuma ɗauki labarin da kowa ke gudu ka kai shi da ƙafarka. Mai ido a yatsa, uban teloli, mun gode. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka huta cikin jikokinka.

Ku kuma masu gyara da masu ɗinki, ya ce duk wanda ke son koyo ƙofarsa a buɗe take kafin ya rufe, ba ya neman komai. Ku je ku zauna kusa da shi, ku koyi aikin, ku koyi tsayawa a kan abin da kuka gani ko da zai yi ciwo. Matar Dogo har yau duk wanda ya ambaci sunansa a gabanta sai ta ce, "Shi ne ya sa na san inda kabarin mijina yake."