Ranar da Iya Ta Sha Ruwa Rana Tsaka

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa daga kai, amma ranar da aka yi kusufin rana muna zaune a unguwar Madabo, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina. Ana saura kamar shekara guda a sami 'yancin kai ne. Ina da 'ya'ya biyu mata, muna gida ɗaya da uwar mijina, wadda kowa yake kira Iya.

A lokacin Iya tana azumin kaffara. Ita da bakinta ta ce tun tana amarya ta taɓa shan fura da gangan a watan azumi, abin ya yi ta cinta a rai, sai da ta tsufa ta ce ba za ta gamu da Ubangijinta da wannan a wuya ba. Wata biyu ne a jere, wanda ya karya ɗaya da gangan sai ya koma farko. Kullum in ta sha ruwa sai ta jefa ƙwallon dabino a wani ɗan ƙoƙo. Ranar da nake ba ku labari, hamsin da bakwai ne a ciki. Duk ta rame, zani ma sai ta naɗa sau biyu, amma saura kwana uku ta huta.

Ni kuwa ina zuwa ajin yaƙi da jahilci na matan aure a maƙwabta. Kwana biyu kafin nan malamarmu ta karanta mana a jarida cewa rana za ta yi kusufi bayan azahar. Ta ce kada mu kalle ta da ido kai tsaye, mu sami fasasshen gilashi mu baƙanta shi da hayaƙin fitila. Na dawo gida da labarin, amma ban faɗa wa Iya ba. Ku 'yan yanzu ba za ku gane ba. A zamaninmu tsakanina da ita sai gaisuwa a durƙushe, ko abinci ba na ci a gabanta. Ga shi dama tana cewa ajin namu taron hira ne. Ta ina zan fara ce mata jibi rana za ta yi baƙi? Sai na faɗa wa maigidan, ya ce, "To, Allah ya kai mu," ya yi tafiyarsa kasuwa. Ina zaton zai gaya mata, shi kuma yana zaton na gaya mata.

Ranar, Iya ta yi sallar azahar ta shige ɗaki ta kwanta, kamar yadda ta saba. Ni da yaran muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida da gilashinmu, da daro cike da ruwa, don maƙwabta sun ce a ruwa aka fi ganinta. Can sai haske ya fara canzawa, ya zama wani iri, ba na safe ba, ba na yamma ba. Iska ta yi sanyi. Na ɗaga gilashin, sai ga rana kamar an gatsi gefenta. Babbar 'yata ta ce, "Inna, wa ya cinye ta?" Ƙaramar kuwa ƙasa take nunawa: hasken da yake ratsowa ta ramukan zana duk ya koma 'yan jinjirin wata, sun zube a ƙasa, tana ta ƙoƙarin tsince su.

Daga nan gari ya ruɗe. Mata suna ta salati ta kan katanga, yara a waje suna dukan gwangwani, kajinmu suka jeru suka shige akurki. Ladan ya ɗaga murya yana kiran maza sallar kusufi. Na shagala ƙwarai, ban taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro a lokaci guda irin wannan ba.

Sai na ji murya a bayana. "Ke 'yar nan, magariba ta yi kin bar ni ina ta barci? Ina kunun?"

Na waiwaya. Ga Iya tsaye a ƙofar ɗaki, moɗa a hannunta, tana tauna dabino, ruwa yana ɗiga a haɓarta. Ta farka ta ga duhu, ta ga kaji sun shiga, ta ji ladan, me za ta jira? Kafin in haɗa magana, rana ta fara dawowa, zakaranmu ya fito ya yi cara.

Iya ta dubi sama, ta dubi moɗa, sai ta zauna daɓas a ƙasa. "Hamsin da bakwai," ta ce a hankali. "Wallahi ba ni da ƙarfin komawa farko."

Na durƙusa ina kuka na ce, "Iya, laifina ne. Tun shekaranjiya na sani."

"Kin sani? Bakin naki ɗinke shi aka yi?"

Da aka idar da salla maigidan ya shigo, ya ji abin da ya faru, ya koma ya taho da wani tsohon malami na unguwarmu, wanda taubashin Iya ne, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Tun daga zaure yake dariya. "Ina makwaɗaiciyar? Da ƙuruciya fura, da tsufa dabino! Ke dai rana ba ta taɓa hana ki ci ba."

"Ka faɗi hukunci ko ka fice mini daga gida, tsohon banza," in ji Iya.

Da ya ga da gaske hankalinta a tashe yake, sai ya zauna ya tambaye ta, "Da kika sha, kin yi zaton rana ta faɗi?" Ta ce ko shakka ba ta yi ba. Ya ce, "To, jerinki bai yanke ba. Ki kame baki zuwa magariba ta gaskiya, ki ƙara kwana ɗaya a ƙarshe, shi ke nan. Sai dai ki aiko mini da sauran dabinon, kada a kuma."

Iya ta yi ta hamdala, tana dariya tana share hawaye. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Daga yau duk abin da aka karanta muku a wajen hirar taku, ki zo ki zauna nan ki faɗa mini. Zauna na ce, ba durƙuso ba." Haka kuwa aka yi har ta bar duniya.

Abin da na koya a ranar shi ne, kunya ado ce, amma ba a rufe baki da ita a kan abin da zai cuci wani. Ni yanzu surukai huɗu gare ni, kuma kowace, ranar da ta tare, nakan ce mata, "In kin san wani abu, 'yata, faɗa mini, ko da barci nake ki tashe ni."