Ciwon Yayana da Na Ɓoye wa Likita

Shekarun baya da nisa, tun zamanin Turawa, ina aikin tafinta a wurin wani likita Bature a Nguru. Elemantare kawai na yi, amma da yake ina ɗaura agogo, ji nake rabin likitancin a kaina yake.

Yayana masunci ne a Gashuwa. Shekarar da zazzaɓi da shawara suka ratsa unguwarmu, shi ma ya kwanta wata guda. Ya tashi, idonsa ya washe, sai dai ƙarfinsa bai dawo ba. Mutumin da yake wuni a kwalekwale, in ya ja taru yau, sai ya yi kwana uku a tabarma, gaɓoɓi na ciwo, magana na ɓace masa a baki. Masunta suka fara cewa daɗin kwanciya ya ji.

Mahaifiyarmu ta ce a kai shi wurin likitan da nake wa aiki. To, mu ba ma zuwa gaban babba a wulaƙance. Ta sa ya huta mako guda, wanzami ya yi masa aski, aka aro masa babbar riga. Ya sauka daga mota a Nguru kamar ango.

Likita ya auna ƙirjinsa, ya duba ido da harshe, ya ce in tambaye shi yaya jiki.

"Da sauƙi, alhamdu lillahi," in ji yayana, don a wurinmu namiji ya zauna yana lissafa ciwonsa rashin godiya ne. Sannan ya dube ni ya rage murya: "Malam, kai ka san sauran. Ka faɗa masa."

Likita ya ajiye alƙalami. Ya ce bai ga komai ba, amma ya taɓa ganin waɗanda zazzaɓi ya bari da gajiya shekara da shekaru, kuma awo ba ya nuna ta. "Kai ɗan'uwansa ne," ya ce da ni. "Yaya yake a gida?"

Na kalli ƙato fes cikin riga. Na ji kunyar Bature ya ɗauka danginmu ragwaye ne, kuma a raina ni ma na yarda da masunta. Na ce ya warke, tsoron ruwa ne kawai.

Likita ya ce to ya koma aiki a hankali. Ni kuwa na haɗiye "a hankali", na ce, "Yaya, ya ce lafiyarka ƙalau."

Labari ya riga shi isa Gashuwa. Don ya wanke kansa, ya koma kogi ya yi kwana huɗu yana aiki kamar da. Rana ta biyar aka tsinci kwalekwalensa ya maƙale a ciyawa, yana kwance ciki, ido buɗe, ko hannu ba ya iya ɗagawa. Tun daga ranar bai sake taka bakin kogi ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi a zaure, 'ya'yansa na jin ana kiran ubansu raggo.

Zuwana na ƙarshe, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ranar nan duka ka faɗa masa?"

Na ce duka.

Ya ce, "To, in likita bai gani ba, wataƙila mutane ne da gaskiya."

Na tsufa, na yi istigifari iya ƙarfina, amma zuciyata ba ta huce ba. Likita ba ya ganin abin da ke faruwa a tsakar gida sai da idon 'yan gidan, ni kuma na rufe masa nawa. Mutuwar yayana na ɗauke ta ƙaddara. Abin da na kasa ɗauka shi ne ya rasu yana zargin kansa.