Hoton da na tura wa Inna

Likita ne ya ja mini. Ya dubi tumbina, ya dubi sakamakon jinina, ya ce zaman mota da shinkafar kabsa sun kusa gamawa da ni, in riƙa tafiya a ƙasa. Lokacin ina tuƙa motar wani kamfani, muna haya a unguwar Shifa a Saudiyya. Wasu abokan aikina suna fita bayan gari kowace Juma'a da sassafe, can gaba da Dir'iyya inda duwatsu suke, sai na ce zan bi su.

Ashe tafiya a ƙasa ma sai an yi mata siyayya. Ni da na tashi ina bin awaki da silifa ɗaya ja ɗaya shuɗi, sai ga ni a kanti ana auna mini ƙafa. Na fito da takalmi mai nauyin turmi, da jakar goyo mai igiyoyin da har yau ban san aikin rabinsu ba, da sanduna biyu masu naɗewa kamar lema. Cikin jakar akwai robar ruwa mai siririn tiyo da ke zagayowa ta kafaɗa, ka riƙa tsotsa kana tafiya kamar jinjiri. Wallahi na ji daɗin kayan nan.

A kan dutse na sa aka ɗauke ni hoto, na ƙame, na tura wa ƙanwata don ta nuna wa Inna a ga ci gaba. Ba mu kai mota ba wayata ta yi ƙara. Inna ce, mahaifiyata, ko sallama ba ta tsaya yi ba.

"Kai, faɗa mini gaskiya. Kafilin naka, uban gidan da ya ɗauke ka aiki, ya kore ka?"

"Inna, lafiya lau nake. Motsa jiki ne."

"Takardar iƙamar ce ta mutu kake gudu ta daji? Ina motar?"

Na ce mota tana ƙasa tana jira. Ta tambayi inda za ni da kaya a baya. Na ce babu ko'ina, mu hau ne mu sauko. A garinmu wanda Allah ya rufa wa asiri ba ya ɗaukar kaya, ba ya tafiya a ƙasa, balle ya haɗa biyun a ƙasar Saudiyya kuma ya ce da kuɗinsa ya saya.

Don in kwantar mata da hankali sai na shiga tallar kayana. Na ce takalmin ƙaya ba ta huda shi, jakar kuwa ruwan sama ba ya ratsa ta, ruwan kuma har azahar da sanyinsa.

"Salka ce ke nan," in ji ta.

Na yi dariya na ce salka ai warin fata take yi, wannan ta zamani ce. Sai ta ce mahaifinta da salka ya tafi hajji a ƙasa, tana 'yar ƙarama. Na san labarin sama-sama, amma ban taɓa jin sa daga bakinta ba. Ta lissafo mini kayansa kamar jiya aka ɗaure su: taikin garin gero da ƙuli-ƙuli, buzun salla, sandar gora, takalmin faɗe sabo da wani na ajiya. Ita ce ta riƙe bakin salkar aka ɗura ruwa. Ya tsaya a ƙofar gida da kaya a baya, ya dogara da sandar, yadda ta gan ni a hoton.

Ni kuwa bakina bai mutu ba, na ce ai kayan zamanin da ke nan, Inna, yanzu an ci gaba.

"Kayansa ba su da aibu," ta ce. "Komai mai kyau aka haɗa masa. Shi ne dai bai dawo ba."

Ina tsaye da tiyo a kafaɗa, kunya ta rufe ni. Abokaina suna can ƙasa suna ta "yalla, yalla", wai in yi sauri. Inna ta ce kada in kashe wayar, in bar ta a kunne har sai ta ji na rufe ƙofar mota.