Len Ackroyd, Mai Cire Tokarar Ƙofa

Kullum da safe, kafin yara su fita makaranta, Len Ackroyd ya riga ya hau benenmu da bokitinsa. Shi ne mai kula da wannan dogon gida na ƙaramar hukuma. Ba ya shiga lif, na'urar hawa bene. Matakala yake bi hawa-hawa, yana cire duk abin da muka tokare ƙofofin tare gobara da shi: guntun katako, tsohon takalmi, gwangwanin wake. Ƙofofin nauyi gare su, uwa mai keken jariri da kayan cefane ba ta iya turawa, shi ya sa ake tokarewa. Shi kuwa ya sa ƙafa ya ture, ya jefa a bokiti, ƙofa ta rufe.

Ya sha zagi. Bernadette ta hawa na bakwai ta fi kowa baki, ita ta raɗa masa Ɓarawon Takalma. Ta taɓa ce masa ya je ya auri ƙofar mana, tunda ita yake so. Ya ce ai ƙofa ta fi ta iya rufe baki.

Ranar da abin ya faru, da safe ya cire tokarar Bernadette, ta zage shi kamar kullum. Da la'asar ta ɗora man suyar dankali, ta sauka ɗauko yara, ta manta. Wuta ta kama. Ƙofar nan da ke rufe ita ta hana hayaƙi shiga matakala, muka sauko da 'ya'yanmu lafiya, alhamdulillahi. Sai dai tsohuwa Misis Hepworth, maƙwabciyar Bernadette, tana can bayan ƙofar tare da hayaƙin. 'Yan kwana-kwana sun fito da ita da rai, a asibiti ta cika.

A wurin jana'iza kowa na yi masa godiya, shi kuwa kansa a sunkuye. Abin da ya ce kawai: "Ni na rufe ƙofar, ita kuma tana ciki." Tun daga ranar bai ƙara zolayar kowa ba. Bokitin dai bai ajiye ba.

Len, kai ne ka yarda a tsane ka don mu rayu. Kai ka ceci mutanen bene guda, ka tafi gida da nauyin mutum ɗaya. Rai na Allah ne, ba kai ka ɗauke ta ba.

Yanzu gwiwarsa ta gaza, Juma'a zai ajiye aiki. Hukuma ta ce ba za ta kawo wani ba, lambar waya ta liƙa mana a bango. Waya ba ta hawa bene.

Mun gode, Len. Allah Ya saka, Ya ba ka lafiya. Ku kuma maƙwabta, tokara har ta fara dawowa a hawa na huɗu. Jiya Bernadette ce ta ture ta da ƙafa. Ƙofofin suna da yawa, ita kuma ita kaɗai ce. Kowa na da ƙafa.